Idan Kwalbatin Ƙarƙashin Titi Ya Rufta: Yadda Ake Gyaran Gaggawa Mataki-Mataki

Tun da damina ta kankama tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga Tudun Wada, Muciya, Samaru da cikin Birnin Zariya: titi ya rufta a kan kwalbatin da ke binne, rami ya buɗe, ruwa na komawa gidaje, da me za a fara? Wasu ma sai sun juye tifa biyu ta ɓaraguzai a ramin sannan su tambaya. Na daɗe ina tsayawa a kan leburori a irin wannan aiki, don haka ga yadda muke binsa. Ku riƙe abu ɗaya tun daga nan: ramin da ido ya gani shi ne ƙaramin ɓangaren ɓarnar. Ruwa ya jima yana satar ƙasa ta ƙarƙashi kafin kwalta ta saki.

1. Kange wurin

Kafin kowa ya ɗauki shebur, a nisanta mutane. A ja igiya ko jan ƙyalle aƙalla mita 3 daga bakin ramin ta kowane gefe, a jera tsofaffin tayoyi ko durom, a tare hanya tun daga nesa yadda ɗan acaba zai gani ya juya ba tare da ya taka birki a bakin ramin ba. Ganyen da muke karyawa mu jefa a titi ba ya aiki da dare. A sa fitila mai caji, a kuma roƙi 'yan sintirin unguwa su riƙa leƙawa.

Gargaɗi: kwaltar da ke bakin ramin sau da yawa rataye take, babu komai a ƙarƙashinta. Yara da masu ɗaukar hoto nan suke son tsayawa. A kore su, ko da za a ce an yi musu faɗa. Idan wani ya riga ya faɗa ciki, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana, a miƙa masa tsani ko igiya daga waje. Kada a dira a bi shi.

2. San mai titin, ka sanar da shi a rubuce

Manyan hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Kano, da wadda ta bi ta Samaru ta nufi Funtuwa, na gwamnatin tarayya ne, hukumar FERMA ke kula da gyaransu. Titunan jiha na hannun KADRA, hukumar tituna ta jihar Kaduna. Na cikin unguwa kuwa ƙaramar hukuma ce, ta Zariya ko ta Sabon Gari, gwargwadon inda kake. Idan ruwa ya shiga gidaje a sanar da KADSEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, idan kuma sai an karkatar da motoci a nemi KASTLEA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa. Haƙa titi ko canza hanyar ruwa na buƙatar sanin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha.

A bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci da hakimi, a haɗa da kansila. A rubuta takarda da kwanan wata, a liƙa hotuna, a ajiye kwafi. Abin da jama'ar unguwa za su iya yi da karo-karo shi ne ƙaramin kwalbati na layi. Duk wanda zurfinsa ya wuce mita 2, ko yake ƙarƙashin hanyar manyan motoci, ko ya matso gindin gini, aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli bai kamata a ce an rasa wanda zai duba ba.

3. Gano iyakar ɓarnar da abin da ya jawo ta

A bi kwalbatin da ƙafa ta sama, daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. A riƙe guntun rodi ana buga kwalta: inda ke da ƙasa a ƙarƙashi sauti a dunƙule yake, inda ya zama kogo kuwa sai ka ji kamar ganga. A zagaye duk inda ya yi kukan ganga da fenti ko gawayi. A duba katangun da ke kusa, musamman ginin ƙasa na cikin Birni, ko sabuwar tsaga ta fito. Idan ta fito, masu ɗakin su kwana a wani wuri.

Don ganin ciki, a ɗaure waya a dogon gora, a kunna bidiyo da fitila, a zura ta baki ko ta inda ya fashe. Wannan dabara ta fi ƙarfin kuɗinta. Abubuwan da aka fi samu su ne: leda da robobi da yashi sun toshe hanya har ruwa ya nemi mafita ta mahaɗar bututu, ko mahaɗar ta buɗe ƙasa na zuba ciki kaɗan-kaɗan duk damina, ko ƙasar da ke saman bututun ba ta da kauri, tifa ɗauke da yashi ta taka ta fasa shi, ko ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashin bakin fita, zobban bututun suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma bututun famfo da ya fashe a kusa yana jiƙa ƙasa dare da rana. Idan ka ga ruwa mai tsabta na tsattsafowa alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, sai a kira hukumar ruwa ta jiha kafin komai, don duk abin da ka gina a kan wannan jiƙar zai sake zama.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga cikin kwalbatin da rarrafe. A unguwanninmu ana sako ruwan banɗaki a lambatu, kuma ruɓaɓɓen datti na fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwantawa, kuma idan ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Mutum sai dai a ga ya zube. Gwajin kyandir da masu haƙar rijiya ke yi ba ya nuna wannan iskar, kuma idan akwai mai kamawa da wuta, ashana ɗaya ta isa.

4. Raba ruwa da wurin aiki

Nan ne mafi yawan aikin gayya ke lalacewa. A cika buhuna da yashi, kamar kashi biyu cikin uku don su kwanta da kyau, a jera su irin jerin bulo ta ɓangaren da ruwa ke zuwa, kafin wurin ɓarnar, a lulluɓe fuskar da tamfol. Sai a buɗe wa ruwan hanyar wucin gadi ta gefe, a shimfiɗa mata leda mai kauri, ta je ta haɗu da magudanar bayan ta wuce wurin. Tare ruwa ba tare da ba shi hanya ba, tura shi ɗakin maƙwabci ne kawai.

Injin ban ruwa irin na masu fadamar Galma yana da amfani wajen tsotse ruwan da ke taruwa a rami, amma kada a yaudari kai da shi. Mai inci 3 idan ya yi ƙoƙari ya ja lita 1,000 a minti. Bututu mai faɗin milimita 900 da aka ba gangara mai kyau yana wuce da kusan lita 1,800 a daƙiƙa ɗaya idan ya cika. Ruwan sama na milimita 50 a kan hekta ɗaya kacal lita 500,000 ne. Saboda haka idan hadari ya haɗo daga gabas, a fitar da mutane da kaya, a bar ruwa ya wuce. A ajiye yaro mai hankali can saman unguwa da waya a hannu, domin ruwa na iya zuba a can ya iso ta magudana alhali ku ko ɗigo bai taɓa ku ba. Mu dai da asuba muke farawa, saboda hadarin Zariya ya fi son la'asar zuwa dare.

Gargaɗi: injin fetur a waje yake zama, nesa da baki, hayaƙin na kallon wani gefe. Mesa kaɗai ke sauka. Hayaƙin inji a cikin rami kisa yake yi kamar janareta a rufaffen ɗaki.

5. Nemo abin da ke binne

Gefen titunan Zariya cike yake da bututun famfo, wayar sadarwa, wani wurin har da wayar lantarki. A tambayi dattawan layi inda aka taɓa haƙawa, a sanar da masu ruwa da masu wuta. Mita ɗaya ta farko da hannu ake haƙa ta, da shebur, a hankali. Idan aka ci karo da jan tef, ko jerin bulo, ko yashi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, alama ce akwai abu a ƙasa. Duk bututun da ya bayyana a rataye shi da igiya a jikin katakon da aka gitta a saman ramin.

6. Haƙa da tokare bango

Wannan mataki shi ke cin rai, don haka zan daɗe a kansa. Marmarar Zariya da rani sai da diga, shi ya sa leburori ke raina ta. Da damina kuwa, kuma a wurin da ruwa ya riga ya ratsa, ba ta da amana. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, wato fiye da buhu 30 na siminti. Ba sai ta rufe kai ba. Idan ta kama mutum zuwa ƙirji, numfashi ya gagara.

Da zarar zurfi ya kai mita 1.2, wato kusan ƙirjin babban mutum, ɗaya daga biyu ya zama dole. Idan akwai fili, a kwantar da bangon: duk mita ɗaya ta zurfi a ja baya aƙalla mita ɗaya, a jiƙaƙƙiyar ƙasa mita ɗaya da rabi. Idan layi ne matsattse, kamar yawancin lungunan Birni da Tudun Wada, sai tokara. Ana jera katako mai kaurin inci 2 a tsaye a jikin bango biyu, a gitta masu kauri a kwance a kansu, sannan a tokare tsakanin bango da bango da gungume ko bututun ƙarfe, kusan kowace mita ɗaya da rabi, sama da ƙasa. A sa tokarar daga sama ana sauka da ita yayin da rami ke zurfi. Wajen cirewa kuma daga ƙasa ake farawa, ana ciko ana hawa.

Ƙasar da aka haƙo a tara ta aƙalla mita ɗaya daga baki. Haka zobba, haka buhunan siminti, haka katafila idan an yi haya. Tsani ya kasance a cikin ramin kullum, kansa ya ɗara baki da mita ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya a sama ba ya aikin komai sai kallon bango. Bayan kowane ruwan sama a sake duba tokara kafin a sauka.

Na taɓa aiki da wani dattijon lebura da ya fi ni shekaru a sana'ar. Na ce a dakata a kawo katako, ya ce, "Haba Malam, wannan ƙasar tun kana goye nake haƙa ta." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, a fito a sha shayi tukuna." Muna zaune bangon gabas ya zame ya binne sheburinsa da kwanonsa. Bai ce komai ba, shi ya fara ɗauko katakon.

Gargaɗi: ƙananan tsaga a saman baki, ƙasa na zubowa kamar gari, ko ruwa na tsattsafowa daga jikin bango, duk umarni ne na fita nan take.

A ci gaba da haƙa har sai an wuce ɓarnar an tarar da lafiyayyen bututu ta ɓangarorin biyu. Zoben da ya tsage ko ya karkace a cire shi, ko da mai karo-karo zai yi tsaki. Kafin a ci gaba, a yashe sauran kwalbatin daga baki da dogayen rodi da ƙugiya, ruwa ya sami hanya.

7. Gyara gindin

A kwashe taɓo duka har a kai ƙasa mai tauri. Inda ya yi laushi da yawa a cika da dutse a daɓe. A zuba kankare mara ƙarfi mai kaurin santimita 5 zuwa 7 don a sami wuri mai tsabta, sannan shimfiɗar da bututu zai kwanta a kai, santimita 15.

Gangara ita ce ran aikin. A kafa turaku a bakin tsohon bututu na sama da na ƙasa, a ja zare, a gwada da siririyar mesa mai ruwa irin ta magina. Saukar santimita ɗaya a kowace mita ɗaya ta wadatar, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne cikin sabon bututu ya yi daidai da cikin tsohon, ba tudu ba kwari. Ɗan kwarin da ka raina nan yashi zai fara kwanciya.

8. Jera bututu da haɗa su

Kada a rage faɗi. Idan tsohon mai milimita 900 ne, a mayar da irinsa ko wanda ya fi shi. Mutane kan ce a sa biyu masu 600, ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: sai uku masu 600 ke ɗaukar ruwan guda mai 900, kuma ƙananan sun fi saurin toshewa da leda.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne sayen zoben rijiya saboda araha. An yi shi ne ya tsaya a tsaye, sirara ne, wani ko rodi babu. Kwantar da shi a ƙarƙashin titi, mota ta farko mai kaya za ta fasa shi. A nemi na kwalbati mai rodi, wanda ya yi aƙalla mako huɗu da zubawa. A ƙwanƙwasa shi da guduma: mai kyau ƙara yake yi tas.

Daga ƙasa ake fara jeri ana hawowa inda ruwa ke fitowa. Idan masu baki ne, faffaɗan bakin ya kalli ɓangaren da ruwa ke zuwa. A sauke su da igiya biyu da gungume, ko da katafila, babu kowa a ƙarƙashi. A cike kowace mahaɗa da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, a shafe ciki, a yi mata ɗamara ta waje. Inda sabo ya haɗu da tsoho a zuba kwalar kankare mai kaurin santimita 15 da ta rungumi kowanne da kamar santimita 30. Yawancin gyaran da ke sake ruftawa daga wannan mahaɗar yake farawa.

Idan ƙasar da za ta hau kan bututun ba ta kai mita ɗaya ba kuma motoci na bi, a lulluɓe shi gaba ɗaya da kankare mai kaurin santimita 15. Awon da muke yi shi ne 1:2:4, wato buhu ɗaya na siminti (kwano biyu ke nan), kwano huɗu na yashi mai kaifi, kwano takwas na tsakuwa. Kada a cika ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi, ƙarfin kankaren ake sayarwa da wannan sauƙin. Idan kuwa kwalbatin mai kusurwa huɗu ne da murfin silaf, kaurin rodi da tazararsa injiniya ne zai faɗa. Abin da zan ce kawai shi ne kada a tada bangon da bulo mai rami, kuma rodi ya nutse cikin kankare da santimita 4 zuwa 5 don kada tsatsa ta ci shi.

9. Ciko da daɓe

A bar kankare ya kwana aƙalla biyu zuwa uku kafin a fara ciko a hankali. A yi amfani da jar ƙasa mai ɗan danshi, wadda idan ka dunƙula ta a hannu za ta riƙe ba tare da ruwa ya fito ba. Taɓon da aka haƙo, shara da manyan ɓaraguzai ba su shiga. A zuba santimita 15 zuwa 20, a daɓe, a sake zubawa, gefe da gefe suna tashi tare don kada bututu ya ture. Kusa da bututu da madaɓin hannu, sai an haura shi da santimita 30 sannan injin daɓe ya hau. Juye tifa ɗaya a baje, a ce motoci za su danne, shi ne ke haifar da kwarin da ake gani a titi bayan wata guda.

10. Baki biyu, da buɗe hanya

A gina fuska da fukafukai, wato bangon da ya rungumi bakin bututu da na gefensa biyu, a mashiga da mafita don ruwa kada ya bi ta gefen bututu. A mafita a shimfiɗa dutse da siminti tsawon mita 2 ko fiye, da ɗan haƙori, wato siririn bango da ya nutse ƙasa a ƙarshensa. A mashiga a sa ragar rodi a kishingiɗe, da ramin tara yashi a gabanta, amma sai in an sami wanda zai riƙa sharewa. Raga mara mai shara toshewa ce da kuɗinka.

A riƙa jiƙa kankaren da ke fili na kwana 7, a rufe shi da buhu. Masu ƙafa da babura za su iya bi bayan an gama ciko, ƙananan motoci bayan mako ɗaya, manyan motoci kuwa su jira kwana 28 idan silaf aka zuba, don a nan ne kankare ke kai ƙarfin da aka auna shi da shi. A dasa durom cike da ƙasa a tare su, domin roƙo ba ya tsayar da direban tifa. Kwalta kuma a bar wa hukumar da ke da titin, bayan cikon ya sha ruwa biyu ko uku.

Lissafin kuɗi

Da adadin kaya ake lissafi, sannan a je Sabon Gari a ji farashin ranar. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, fetur ma ya tashi tun cire tallafi a Mayun 2023, don haka tsohon lissafi ba ya aiki.

Misali, gyaran mita 6 da bututu mai milimita 900: zobba shida masu tsawon mita ɗaya, a ƙara ɗaya saboda fashewa. Lulluɓe su da kankare zai ci kusan kubik mita 6 na zubi (kubik mita shi ne faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya), kowace kubik mita kuma buhun siminti shida da ɗoriya, wato wajen buhu 40. Fuska biyu, kwala da shimfiɗar mafita su ƙara 15 zuwa 20. Sai yashi tifa ɗaya, tsakuwa ɗaya zuwa biyu gwargwadon girman tifar, jar ƙasa biyu ko uku. Abubuwan da kwamiti ke mantawa su ne katakon tokara, hayar injin ruwa da fetur ɗinsa na kowace rana, buhunan tare ruwa, kwashe ɓaraguzai, da abincin leburori. A ɗora kashi 20 cikin 100 a kan jimilla, domin ban taɓa buɗe irin wannan rami na tarar da ɓarnar ta tsaya inda muka zata ba. A biya magini kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an ga ruwan farko ya wuce.

Idan kuɗin bai haɗu ba, ko ruwan Agusta ya hana zubi, a yi mataki na 1 zuwa na 6 kawai: a cire abin da ya faɗa, a buɗe wa ruwa hanya, a jera buhunan yashi a jikin bangon da aka kwantar, a bar shingen a tsaye, a gitta wa masu ƙafa gada ta katako mai madogara can gefe. A haka zai kai Oktoba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, sai a dawo a ɗora daga mataki na 7.